Daga bayan Isha'i zuwa labaran ƙarfe tara

Ni dai har yanzu ina cikin masu ganin babu abin da ya kai daɗi a harkar kallo kamar daren da gidan talabijin ya zauna ya tsara shi da kyau, ka kunna akwatin nan bayan sallar Isha'i ka ajiye rimot a gefe ba ka ƙara taɓa shi ba sai barci ya fara fizgarka. Na san da yawa za su ce haba malam ai wannan zamanin ya wuce, yanzu kowa da wayarsa, abin da ka ga dama shi za ka kalla kuma a lokacin da ka ga dama. Na ji, ni ma ina da wayar. Amma ban yarda waya ce ta kashe mana daren talabijin ba, gidajen talabijin ɗin ne da kansu suka yi sakaci da shi, musamman na gwamnati da ake biyan ma'aikatansu da kuɗin jama'a, kuma su nake so mu ɗan taɓa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne jera shirye-shirye ma sana'a ce mai zaman kanta. Akwai wani bawan Allah a gidan talabijin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, aikinsa kawai ya san yadda gidanka yake daga faɗuwar rana zuwa sha ɗayan dare. Ya san da magariba babu mai zama, maza na masallaci, uwargida na fama da kwasar tuwo, yara an aike su sayo magi ko kalanzir, to nan ba a sa abu mai nauyi don asara za a yi. Ya san bayan Isha'i an ci an wanke hannu kowa ya baje a tabarma, nan ne wurin wasan ban dariya wanda kaka za ta gane, yaro ɗan shekara bakwai ma ya gane, kuma babu inda za a zo maigida ya fara tarin ƙarya yana neman rimot saboda kunyar 'ya'yansa. Daga nan sai labarai, waɗanda dama su maigidan ke jira, bayan labarai yara sun zube sai a kawo na manya, tattaunawa ko dogon fim. Kamar dai mai riƙe da tukunyar biki ce, ta san abin da ake fara fitarwa da abin da ake ɓoyewa sai manyan baƙi sun zauna. Idan mutumin nan ya iya aikinsa, shirin da ba ka yi niyyar kallo ba ma sai ka kalle shi saboda ya faɗo tsakanin guda biyu da kake so, daga baya ya zama shi ka fi jira.

Mu a ƙasar nan mun taɓa iya wannan. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959 lokacin gwamnatin Awolowo, Kaduna ta buɗe tata a 1962 zamanin Sardauna, sannan a 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA. A wancan lokacin ba wuni ake yi ana watsa shiri ba, sai wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha da taken ƙasa, kafin nan in ka kunna layukan kala ne kawai a tsaye da wata ƙara mai shiga kunne, tsakar dare kuma a rufe kowa ya kama gabansa. Awannin kaɗan ne, shi ya sa ba a wasa da su. Kuma dabarar da aka yi ita ce kowace babbar tasha ta kawo abin da ta fi iyawa a watsa wa ƙasa baki ɗaya. Legas na da Village Headmaster, Inugu na da New Masquerade na su Zebrudaya da Turancinsa mai karya haƙori, Jos ta kawo Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, wasan da aka gina kan noma da bankin UBA ya ɗauki nauyi, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a Bitrus, marigayi Kasimu Yero kuma a Uncle Gaga. Kaduna ta ba da Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne na gaske ba na wasa ba, shi ya sa in ya daka tsawa a bariki sai ka ji kamar kai ma ka ƙame. Allah Ya ji ƙansa, a 2023 ya rasu. Kadunar dai ita ta mayar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin. Ga su Karkuzu a Jos, ga Idon Matambayi a Sakkwato, a Kano kuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, sai gasa ta kankama tsakaninta da NTA Kano, mu 'yan kallo muka ci riba.

Daren Lahadi ma kawai ya isa misali. Da yamma yara na da Tales by Moonlight, tatsuniya ce dai irin tamu amma an yi mata ado, a 1984 aka fara ta. Ƙarfe tara kuma maimakon labarai zalla sai Newsline, su Frank Olize da Abike Dabiri suna kawo labaran talakawa da abubuwan al'ajabi, wanda ba ya jin Turanci ma zai zauna ana fassara masa. Sauran ranaku kuma ƙarfe tara na yi a haɗe da Legas, ka ga mai karanta labarai Cyril Stober da hularsa, duk gidan a yi tsit. Mutumin Maiduguri da na Kalaba abu ɗaya suke kallo a minti ɗaya, washegari a ofis ko a makaranta ko a bakin kasuwa hirar ɗaya ce.

Kuma fa wahala ake sha kafin a kalla. A layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin, irin mai ƙofar katako da ake zugewa a sa mata ɗan makulli, eriyarta na can saman doguwar gora an ɗaure a jikin katanga da waya. Iska na kaɗawa hoto zai koma yayyafi, sai a tura babban yaron gidan ya je ya murɗa gorar, yana daga waje yana ihu "ya yi?" mu kuma daga ciki mu amsa gaba ɗaya "a'a koma baya, kaɗan, kaɗan, tsaya nan!" yana sakin hannu hoton ya sake tafiya, ƙarshe dai haka zai tsaya riƙe da gora yana leƙe ta taga har a tafi talla. Hajiyar gidan dokarta ɗaya ce, duk wanda bai wanke ƙafa ba ba zai hau mata leda ba, sai ka ga layin yara a bakin rijiya ana rige-rigen guga saboda an ji kiɗan buɗe shiri ya tashi. Ba wai ina cewa a koma zamanin gora ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne mutane sun san ƙarfe nawa ne kuma sun san abin da ke zuwa ya cancanci wanke ƙafa.

Turawan Amurka da suka mayar da abin kasuwanci tsantsa sun fi kowa sanin darajar wannan. Tashar NBC ta can ta shafe shekaru tana riƙe da daren Alhamis, a 1984 ta jera The Cosby Show da Family Ties da Cheers da Night Court, ƙarfe goma ta rufe da Hill Street Blues. Da aka zo 1994 za a fara Friends, sabon shiri ne babu wanda ya san 'yan wasan sosai, sai suka cusa shi tsakanin Mad About You da Seinfeld waɗanda dama suna da jama'arsu, ƙarfe goma kuma ga ER. Ba don Allah suka yi ba, masu talla ne ke rububin daren Alhamis saboda mutane na shirin kashe kuɗi a ƙarshen mako. Amma ko don kuɗin ne, sun gane cewa dare guda ake sayarwa ba shiri ɗaiɗai ba, in ka kama mutum ƙarfe takwas ka riƙe shi har sha ɗaya to ka gama da shi.

To mu ina muka saki layi? A 1992 gwamnatin Babangida ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su kafa tashoshi, aka kafa hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ita ma NBC ake ce mata, daga baya su Channels da AIT suka fito. Wannan abu ne mai kyau, ba ni da ja. Matsalar ita ce tashoshin gwamnati an ce su nemo kuɗin shiga da kansu, su kuma maimakon su yi shiri mai kyau masu talla su biyo su, sai suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su yanka lokacin gunduwa-gunduwa su sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Furodusa mai zaman kansa shi zai yi wasansa da kuɗinsa, shi zai sayi fili a tasha, shi zai yi yawon neman talla, tashar kuwa nata kawai ta karɓa ta danna. Mai ƙarfi irin Wale Adenuga ya jure, Super Story ta riƙe daren Alhamis a NTA tun 2001 shekara da shekaru, amma mutum nawa ne ke da wannan jarin? Da zarar lokaci ya zama na wanda ya biya, aikin wancan bawan Allah mai jera shirye-shirye ya mutu, domin ba shi ke cewa ga abin da ya dace da ƙarfe takwas ba, rasit ne ke faɗa.

Kwanaki na je gaida wata gwaggona, ita har yanzu tashar jiharsu take kallo don eriya ce da ita ba dish ba, na zauna da ita daga bayan Isha'i. Wallahi abin da aka fara sa mana mai maganin gargajiya ne a zaune gaban tebur cike da jarkoki, yana lissafa cututtukan da garinsa ke warkarwa tun daga basir har abin da ba zan iya rubutawa a nan ba, lambobin waya na gudu a ƙasan allo, jikokinta na zaune suna ji. Yana gamawa sai shirin ayyukan gwamna, an nuno kwalbati ɗaya ta gaba ta baya ta sama da jirgin ɗaukar hoto, ana kiɗa ana kirari. Daga nan sai bikin 'yar wani mai kuɗi, ana ta liƙi. Gwaggo ta ce min ita dai tana barinta a kunne ne saboda motsin mutane, gidan ya yi mata shiru. Yaran kuwa tuni kowa ya lallaɓa ya ɗauki wayar uwarsa. To don Allah wa ya kori yaran nan, wayar ce ko mai jarkoki?

Abin haushin ma akwai doka. Ƙa'idar hukumar NBC ta ware ƙarfe bakwai zuwa goma na dare a matsayin lokacin iyali, ta ce tashoshin da ake kamawa kyauta shirye-shiryen gida Najeriya za su riƙa sawa a wannan tsakanin. Niyyar mai kyau ce, an so a kare masu yin namu daga finafinan waje da suka cika ko'ina a shekarun 1990. Sai dai mai maganin basir ma ai ɗan gida ne, kwalbatin gwamna ma a gida aka gina ta, kowa ya cika ƙa'ida ke nan a takarda.

Akwai masu cewa duk wannan begen da ne kawai, wai da can ɗin ma don babu zaɓi ne muke zama, kuma NTA ɗin da nake yabo ai bakin gwamnati ce, labaran ƙarfe tara rabinsu shugaban ƙasa ya je ya dawo ne. Wannan gaskiya ne, a zamanin soja ma abin ya fi haka muni, kuma wasu wasannin in ka sake kallonsu yau za ka ga bango na rawa in an rufe ƙofa, makirfo na leƙowa ta sama. Amma maganar rashin zaɓi ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin an gwada a zamanin da zaɓi ya yi yawa kuma an gani. Arewa24 ta fara a 2014, lokacin kowa na da dish, finafinan Indiya masu fassara sun cika gari, wayoyi sun fara yawa. Suka fito da Daɗin Kowa suka ba shi darensa na Asabar, daga baya a 2019 Kwana Casa'in ya kama Lahadi, ga Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, ga Labarina na Aminu Saira da ya shigo a 2020, sai ƙarshen mako ya zama kowane dare da nasa. Me ya faru? Matan aure suka koma sauke tukunya da wuri, masu shayi suka ja benci gaban talabijin, daga Kano har Maraɗi da Damagaram hirar ɗaya ake yi, a Facebook kuwa in ba ka kalla ba gara kada ka hau don sai an ɓata maka. Mutanen da aka ce waya ta ɗauke musu hankali su ne dai suka zauna ƙarfe takwas suna jira.

Hatta 'yan YouTube ɗin da ake cewa su suka gaje talabijin, duba yadda suke yi mana. Izzar So da ire-irensa ba zuba su ake yi gaba ɗaya ba, rana ake sawa da lokaci, a ce ranar kaza ƙarfe kaza, mutane su yi ta ƙirga mintoci suna zuba sharhi tun kafin a fara. Wato sun ari tsarin talabijin ɗin ne suka kai waya. Abin da ba za su iya ba shi ne su haɗa maka dare guda, kowa tasharsa yake yi wa aiki, kana gama nasa sai na'ura ta jefo maka duk abin da ta ga dama, daga wa'azi ka faɗa rigimar 'yan TikTok daga nan ka tsinci kanka kana kallon yadda ake kama kifi a wata ƙasa ƙarfe ɗayan dare, data ta ƙare ba ka san me ka kalla ba. Ga kuma jan labari, zango bayan zango, a yi minti biyar ana nuno mota na shiga get, a tsaya tsakiyar kuka a tallata maka turaren wuta da fili a bayan gari. Ban ga laifinsu sosai ba, da tallan suke biyan 'yan wasa. Kuma kowa shi kaɗai yake kallo da abin kunne, miji na dariya a kan kujera mata na hawaye a kan gado, ɗaki ɗaya.

Wuta kam matsala ce, ba zan musa ba. Ba a yin daren talabijin da NEPA da ke ɗaukewa ana tsakiyar wasa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tayar da janareta don kallon wasan awa ɗaya ya zama sai mai hali. Amma sola ta shigo unguwanni sosai, ƙaramin fanel da batir na riƙe talabijin ta zamani awanni, masu shago da masu cajin waya duk sun koma kanta. Kuma a tuna mutanen da ke kallon Samanja da batirin mota suke yi, a kai shi caji da rana a ɗauko da yamma a kan keke. In akwai abin kallo mutane za su nemo wutar.

Ni abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Kusan kowace jiha a Arewa na da gidan talabijin nata, ga tashoshin NTA birjik, duk ana ware musu kuɗi a kasafi. A ce kowace ta keɓe daga bayan Isha'i zuwa ƙarfe tara, ko da dare uku ne a mako, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne ko nawa za a biya. Mai magani ya koma sha ɗaya, kwalbatin gwamna a kai ta bayan labarai, ai ba gudu za ta yi ba. A ɗauko marubuta a biya su, ga su nan a Kano da Zariya da Jos da Katsina suna rubuta littattafai a waya ana karantawa kyauta, ga ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU da BUK da Jami'ar Jos suna gamawa babu wurin zuwa. Tasha ta sayi wasa daga hannun furodusa maimakon ta sayar masa da fili, sannan ita ta je ta nemo talla tunda tana da sashen kasuwanci da ake biya albashi don haka. Tashoshin jihohi ma su yi musaya mana, Sakkwato ta yi guda, Bauchi ta yi guda, Kano ta yi guda, kowa ya sa na kowa a lokaci ɗaya, ka ga an sami mako cikakke ba tare da jiha ɗaya ta ɗauki nauyin duka ba, dabarar da NTA ta yi ke nan shekara arba'in da suka wuce da kayan aikin da wayar hannunka ta fi su.

Sannan a taimaka a shiga ɗakunan ajiya a ga abin da ya rage na tsofaffin kaset. Yau in ka nemi Samanja ko Karambana na Kasimu Yero abin da za ka samu 'yan guntaye ne a YouTube da wani ya ɗauka daga tsohon bidiyonsa na gida, hoto dishi-dishi murya na shaƙewa. Duk wanda ya tsira a juye shi a kwamfuta a ba shi rabin awa a mako kafin sabon wasa, iyaye za su zauna don tsohon, yara su zauna don sabon. Kuma in an sa lokaci a riƙe shi, ƙarfe takwas ta zama ƙarfe takwas, ba a ce yau an ɗage saboda mai girma kwamishina na raba buhunan taki ba.